Baƙar Ƙasa a Cikin Bulo

Litinin, 10 ga Mayu, 1993

Na kama aiki a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma a Wara. Ko zama ban yi ba, shugaban sashe Injiniya Jalaluddeen ya ce tunda ni ɗan Sabuwar Ƙirya ne, ni zan yi wa garinmu kwata. Gangaren kankare daga hanya har bakin ruwa, inda kwale-kwale za su riƙa tsayawa, mata su huta da nutsewa cikin laka da kwandon kifi a ka. Siminti yana sito. Yashi ga shi nan birjik. Tsakuwa ce babu, kuma tifa ba ta iya shiga garin tun da ruwan bara ya cinye hanya.

Bakina ya riga tunanina. Na ce a aikina na ƙarshe a makaranta na gwada farfasa tsohon gini a madadin tsakuwa, da zare a cikin kwaɓi don ya riƙe tsaga. Na ce a garinmu akwai gidajen siminti da gwamnati ta gina lokacin da tafkin madatsar ruwa ya ci gungunmu, tsibirin da muke zaune a kai, mutane sun gudu daga cikinsu saboda zafi, sun koma sun yi na laka.

Injiniya ya kalle ni. Ya ce, "To, malamin zare. Ka gama kafin ruwa ya fara hawa a Agusta. In ya tsage, sunanka ne a kai."

Ban iya cin abincin rana ba.

Alhamis, 13 ga Mayu

Na haye gida a kwale-kwale. Ta ruwa kusa ne, ta tudu sai an kewaye ɗan rafin nan duka.

Gidajen goma sha biyu ne. Na auna bango, daɓe da kan ƙofa. Idan lissafina daidai ne, sai an haɗa duka goma sha biyun kafin su isa, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Na sake lissafin. Haka ya sake fitowa.

Kawu Sallau, ƙanen Inna, shi ya zaga da ni wajen masu gidajen. Ko'ina sai ya ce, "Ga Baturenmu, ya zo ya niƙa gidaje ya yi tuwo." Goma sha ɗaya sun yarda. Na goma sha biyu namu ne.

Inna tana gyaran kifi na gaya mata. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ka ci abinci?" Na ce na ci. Ta ce, "Ƙarya kake." Magana ta ƙare a nan.

Asabar, 22 ga Mayu

Zare. Na gwada na rama da na tsohuwar komar kamun kifi. Na rama yana shan ruwa, kuma na san siminti zai cinye shi da daɗewa. Zaren koma nailan ne, ba ya ruɓewa. Masunta sun ba ni yagaggun komaye da suka fi ƙarfin ɗinki. Yayata Hansatu ta tara mata suna wankewa suna yankawa, tsawon gaɓar yatsa biyu.

Kwaɓin farko zaren ya dunƙule kamar gashi a mataji. Jibrin birkila ya ɗaga dunƙulen da cokalin gini ya ce, "Injiniya, wanga kankaren kihi zai kama ko mutane za su taka?" Mata suka yi ta dariya. Ni ma na yi.

Sai an barbaɗa shi kaɗan-kaɗan a busasshen haɗi kafin ruwa. Na gano wannan da yamma.

Laraba, 26 ga Mayu

Leburori sun fara fasa gidaje. Na sa an sauke rufin asbestos a ware shi gefe, kada kowa ya fasa, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. Ban tsaya kansu ba, ina can wajen katakon bulon gwaji.

Abin da na manta: farfasasshen gini yana shan ruwa kamar soso. Sai an jiƙa shi tukuna. Na sani, na rubuta a jarrabawa, na manta.

Juma'a, 4 ga Yuni

An dawo daga hutun Salla. Ba mu da injin gwaji, sai jak ɗin babbar mota mai agogo da na sa maƙeri ya ɗaure a cikin ƙarfe. Na fasa bulon gwaji shida na kwana bakwai.

Uku sun yi kyau. Sun tsage amma ba su warwatse ba, zaren ya riƙe su kamar haƙori mai girgiɗa da ya ƙi fita. Na ji daɗi har na kira Jibrin ya gani.

Ukun kuma ko rabin ƙarfin na farko ba su kai ba.

Siminti ɗaya. Yashi ɗaya. Ruwa ɗaya, ni na auna da hannuna. Me ya bambanta su?

Litinin, 7 ga Yuni

Ko jak ɗin ne? Na gwada shi da buhunan siminti. Lafiyarsa lau.

Asabar, 12 ga Yuni

Zaɓe. Na bi layi ina tunanin bulo. Har malamin zaɓe ya taɓa ni kafin na san an zo kaina.

Talata, 15 ga Yuni

Na farfasa waɗanda suka faɗi da guduma. A ciki akwai ƙananan ramuka masu baƙin abu, ƙusa na shiga. Na jiƙa a kofi, ya narke. Laka ce. Baƙar laka mai santsi, ba irin jar ƙasar nan tamu ba.

Na je wajen tarin. A bushe ba ka bambanta ta da dutse. Na bi bangon da ba a gama rushewa ba, na leƙa ramukan bulo. Wasu fanko. Wasu cike dam da ita, ta daskare. Kuma ba kowane gida ba, ba kowane bango ba. Kullum bangon da ke fuskantar tafki.

Jibrin ya ce gara ce. Gara ba ta zaɓen bango. Na ce ko ɗan kwangilar da ya gina ne ya yi ha'inci, amma wane ha'inci ne mutum zai ƙara wa kansa aiki? Ko don sanyi aka yi? To me ya sa bango ɗaya?

Na tambayi Kawu Sallau. Ya ce, "Wace laka?" Sai ya tuna yana da akuya a daji.

Lahadi, 20 ga Yuni

Bayan coci na hango Inna ta nufi tsohon gida da tsintsiya. Hansatu ta ce duk mako haka take. Gidan da ba rufin kirki, ba kowa sai ƙadangaru. Shekara nawa ina zuwa hutu ban lura ba?

Ban yi mata maganar ba. Ita ma.

Alhamis, 24 ga Yuni

Na yanke shawara: ko daga ina ta zo, laka laka ce, a wanke ta. Mun kafa rariyar waya a bakin ruwa, ana zuba farfashe ana watsa ruwa da bokiti. Baƙin ruwa yana gangarawa cikin tafki.

Kafin azahar tsofaffi suka fara taruwa. Ba wanda ya ce a daina. Tsaye kawai suke. Wata tsohuwa, Delu, ta tsuguna ta tari baƙin ruwan da tafin hannu, ta shafa a fuska, tana magana da yarenmu ƙasa-ƙasa. Abin da na tsinta kawai shi ne "baba".

Leburori suka ajiye bokiti da kansu.

Na ja Kawu gefe. Na ce don Allah, Kawu, me na yi?

Ga abin da ya ce, gwargwadon yadda na riƙe:

"Da anka ce mu tashi daga Gungun Ƙirya, kowa ya ɗauki abin da jirgi ka iya ɗauka. Tukunya, turmi, akuya. Kabari ba shi ɗaukuwa. Sai mutane sunka kankari ƙasar saman kabarin iyayensu, kwando-kwando. Munka iso nan, anka ce kada a ga laka jikin ginin gwamnati. To kahin a ɗora ruhi, sai kowa ya ɗura tashi cikin ramin bulo, ta wajen da ka kallon gida."

Na ce me ya hana ku gaya mini?

Ya ce, "Waɗanda sunka ɗura, rabi sun mutu. 'Ya'yansu da sunka ce maka rushe, ba su sani ba. Mu da munka sani kuwa, kunya. Ni masallaci nike zuwa, uwarka coci. Wa zai buɗe baki ya ce ya ɓoye ubanshi cikin bulo?"

Na sa kakan wani a ƙarƙashin jak ɗin mota. Na rubuta lambar da ya fashe.

Juma'a, 25 ga Yuni

Ba aiki. Ban san abin da zan gaya wa Injiniya Jalaluddeen ba. Na ce masa "matsalar ingancin kaya". Gaskiya ne ai. Ko?

Litinin, 28 ga Yuni

An yi taro a ƙofar gidan mai gari. Na zata ni za a zaga. Ashe ko kallona ba a yi sosai ba, su da kansu suke rigima. Wani ya ce a mayar da komai yadda yake. Aka ce masa, da wane bangon? Wani saurayi ya ce duk camfi ne, uwarsa ta jefe shi da takalmi. Liman ya ce shi bai ji abin da ake tattaunawa ba. Fasto ya ce shi ma kunnensa na ciwo.

Delu ce ta raba gardama. Ta ce, "Shekara ashirin da biyar Baba na gasuwa cikin siminti. Ku bar shi ya koma gida. Gungu na nan ƙarƙashin ruwan ga, ya san hanya."

Aka ce a ci gaba da wanki, amma kowane gida su wanke nasu da hannunsu.

Inna ta zo taron. Ta tashi kafin a watse.

Litinin, 5 ga Yuli

Wankakken farfashe: bulon gwaji shida, shida sun tsaya. Na kwana ashirin da takwas ne zai tabbatar, amma ruwa ba zai jira ni ba. Injiniya ya zo ya gani, ya taka ɗaya da takalmi, ya ce a fara.

Mun fara zubi daga ƙasa, wajen ruwa, muna hawowa. In ruwa ya zo, ya tarar da wanda ya riga ya ƙanƙame.

Wankin ya zama kamar biki. Ana kawo fura. Wasu na kuka, wasu na tsokanar juna. Na ji wani yana ce wa ɗan'uwansa, "Wanke shi da kyau, ka san Baba bai son wanka." Ban san ko in yi dariya ba.

Laraba, 14 ga Yuli

Lissafi ya lalace. Lakar da aka wanke ta rage yawan kayan, 'yar rarar da nake taƙama da ita ta tafi. Sauran yanki na ƙarshe, na sama, wanda zai haɗa gangaren da hanya. In ba shi, ruwan sama zai bi ta ƙarƙashi ya rarake duk abin da muka zuba. Na ga yadda ya fara ci jiya.

Na gwada tsakuwar bakin tafki, marmara ce, tana murƙushewa a hannu. Na gwada rage kauri a takarda. Ba zai ɗauki amalanke ba. Na gwada rage faɗi. Na gwada komai.

Gidan Inna ne kawai ya rage.

Lahadi, 18 ga Yuli

Na bi ta tsohon gida. Inna tana shara. Na karɓi tsintsiyar, ta ƙwace.

Na ce, Inna, kowa ya wanke nasa. Delu ma. In na Kaka ne a bangon nan, ni zan wanke da hannuna, ke ki tsaya.

Ta ce, "Wa ya ce maka kakanka na?"

Ta dafa bangon. Ta ce an haife ni ana saura wata biyu a tashi. An binne mabiyiyata da guntun cibiya a bayan ɗakinta, kamar yadda ake yi wa kowa. Da ranar tashi ta zo, ta ga za ta tafi da jariri ta bar rabinsa a inda ruwa zai rufe. Ta haƙe wurin duka, ta zuba a masaki, ta goya ni, ta ɗora masakin a cinya har suka haye.

"Nasu matattu na, Filibus. Mamaci in ya koma ruwa, gida ya koma. Kai kana da rai. In tawa ta shiga tabkin ga, kiranka zai yi. Kullum kana bisa jirgi."

Na ce, Inna, ke fa kina cikin ƙungiyar mata ta coci.

Ta ce, "Ina ciki. Shi ya sa ban gaya ma Fasto ba."

Na fara yi mata bayani. Wai shekara ashirin da biyar, babu abin da ya rage sai ƙasa, ƙasa kuwa ba ta da baki. Ina cikin magana na ji muryata kamar ta wani. Ta bar ni na gama. Ta ce, "Ka gama? Matsa, kana tsaye kan shara."

Talata, 20 ga Yuli

Ban yarda da zancen kiran tafki ba. Ina so in rubuta wannan a fili. Ban yarda ba.

Yau a kwale-kwale na riƙe gefe da hannu biyu. Iska ce ta yi yawa.

Talata, 27 ga Yuli

Injiniya ya ce, "Gidan uwarka ne, ka fi kowa sanin ƙofarsa." Hansatu ta ce in na taɓa bangon nan ba da yardar Inna ba, kada in ƙara cin tuwonta. Jibrin ya ce a rushe bango uku a bar ɗaya. Na auna. Ba ya isa, kuma bango ɗaya ba ya tsayuwa shi kaɗai, damina ɗaya zai kife, ruwan sama ya kwashe lakar ya kai tafki. Wannan ma ya fi muni. Wato, a wajen Inna.

Kawu ya ce, "Bature, kai da ka karanta, ba ka iya yi mata ƙarya? Ce mata ka cire." Na ce ban iya ba. Ya ce, "To mi anka koya maku?"

Mata masu kifi sun fara bin rabin gangaren da aka gama, suna kaiwa ƙarshe su faɗa laka. Suna gaishe ni da "sannu da rabin aiki".

Juma'a, 6 ga Agusta

Sandar da na kafa a bakin ruwa ta jiƙe sama da inda na yi alama. Ya fara.

An yi ruwa mai ƙarfi, ya haƙa rami a saman gangaren, hannuna yana shiga har gwiwa. Mun cusa buhunan yashi.

Lahadi, 8 ga Agusta

Na ce wa Inna: ba wanki. Ba guduma. Zan sauke bangon bulo ɗaya-ɗaya, a kan tabarma, a bushe, in ƙwaƙule da ƙarfe. Ko ƙwaya ba za ta taɓa ruwa ba.

Ta ce, "Sannan ka kai ta ina?"

Na ce ɗakinki.

Ta ce ɗakinta na laka ne, kusa da ruwa, shekarar da tafki ya cika sosai har zaure yake shiga. Ta ce ita ta gaji. Ta ce, "Na yi gadi shekara ashirin da biyar. Ka yi gemu, ka yi takarda. Amshi kayanka. Inda duk ka san nan za ka zauna, ka sa ta nan."

Na ce ban san inda zan zauna ba. Na nemi canji zuwa Birnin Kebbi, ban gaya mata ba.

Ta ce, "To riƙe ta har ka sani."

Wannan yarda ce? Na tambayi Hansatu. Ta ce, "Kai dai je ka nemo tabarma."

Laraba, 11 ga Agusta

Ni da Jibrin. Inna na zaune a kan turmi tana kallo, ba ta bari lebura ya matso ba. Na zata bangon duka ne. Ashe layi biyu ne kawai, daidai tsayin ƙirjinta. Ƙasar ta yi tauri, sai da ƙarfen rodi. Na duba, ban san me nake nema ba. Babu komai ciki. Ƙasa ce. Da ɗan ɓawon katantanwa guda.

Da hadari ya taso, na ga kaina na tuɓe riga na rufe tabarmar. Jibrin ya kalle ni, ya kau da kai.

Ƙasar ta cika rabin buhun gero. Bulon da muka ƙwaƙule, Inna ta sa an goge da busasshen tsumma kafin a kai wajen wanki. Na bari. Goge ba ya rage ƙarfi.

Da aka fara fasa sauran bangon, ta tashi ta tafi gida. Ta bar tsintsiyar a nan.

Asabar, 14 ga Agusta

An zuba yanki na ƙarshe. Mun rufe da jiƙaƙƙun buhuna. Ruwa ya riga ya rufe na ƙasa, ina ganinsa ta cikin ruwan, ba tsaga.

Na kwana ashirin da takwas duk sun wuce abin da ake bukata. Injiniya ya ce in rubuta rahoto, wataƙila a yi irinsa a Shanga. A wajen bayanin lakar na rubuta "gurɓata", na soke. Na rubuta "baƙon abu", na soke. Na bar wurin fili tukuna.

Asabar, 21 ga Agusta

An buɗe kwata. Ba wani biki, amalanke kawai ta sauka ta hau, kowa ya yi tafi. Delu ta ce yana da kaushi, ƙafa ba ta zamewa. Inna ta ce na rame.

Da la'asar zan koma Wara. Kwale-kwale na tsaye a kan gangarena, mai jirgi yana kira, "Injiniya, shigo, yau kyauta!" Buhun yana kafaɗata.

Na ce masa ya tafi, ina da wani uzuri.

Na ɗauki mashin ta tudu. Hanyar ta lalace fiye da yadda ake faɗi, sau biyu muna sauka muna turawa, mai mashin yana ta mita wai wane irin mutum ne zai bar ruwa ya biyo nan da buhun ƙasa. Na ce masa samfur ne na ofis, ba a so ya jiƙe.

Ba a so ɗin ne ai. In ya jiƙe nauyinsa zai canza.

Buhun yana ƙarƙashin gadona a Wara. Na ɗora shi a kan bulo biyu, saboda daɓen ɗakin yana tsattsafo.